Idan jikin mace ya zama kayan talla: abin da masu rajin 'yancin mata ke faɗa, da abin da bincike ya gano

A shekarar 1983 wani masanin halayyar jama'a a Amurka mai suna Dane Archer da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike da ku ma za ku iya maimaitawa a gida, in dai kuna da rula da tsohuwar jarida. Sun tara hotuna 1,750 na maza da mata daga jaridu da mujallun ƙasar. A kowane hoto sai su auna daga tsakar ka zuwa haɓa, su sake aunawa daga tsakar ka zuwa inda jikin mutumin ya ƙare a hoton, sannan su raba awon farko da na biyu. Idan fuska ce zalla ta cika hoton, lissafin zai ba da 1. Idan an ɗauko mutum har ƙafa, lissafin zai yi ƙasa sosai.

A hotunan maza, fuska ta ci kusan kashi 65 cikin 100 na tsawon abin da aka ɗauka. A na mata kuwa kusan kashi 45 ne. Wato idan mai ɗaukar hoto ya zo kan namiji sai ya matso kusa da fuskarsa, idan ya zo kan mace sai ya ja da baya don jikinta ya shigo. Sun duba jaridun ƙasashe 11, suka duba zane-zanen Turai na ƙarnuka da dama, bambancin yana nan. Daga nan suka ɗauki hoton mutum ɗaya, suka yanka shi iri biyu, suka nuna wa jama'a. Waɗanda suka ga wanda fuska ta fi cikawa sun fi cewa mai hoton yana da kaifin basira.

Wannan shi ne awo mafi sauƙi na abin da masu rajin 'yancin mata a Amurka da Turai suka shafe sama da shekaru hamsin suna ƙorafi a kansa. Da Hausa za mu iya kiransa "mayar da mace kaya": a nuna ta ko a yi mu'amala da ita kamar wani abin amfani ko abin sha'awa, a manta cewa akwai mutum a cikin jikin nan.

Me ke raba mutum da kaya?

Maganar ta girmi fafutukar mata ta zamani. Tun a ƙarni na 18 masanin falsafa na Jamus, Immanuel Kant, ya yi gargaɗin cewa sha'awa, idan aka bar ta ita kaɗai, tana sa mutum ya kalli ɗan'uwansa kamar abin ci, wanda za a yar da zarar an ƙoshi. Abin da matan ƙarni na 20 suka ƙara a kai tambaya ce: su wa aka fi yi wa wannan kallon, kuma wa ke cin ribarsa?

Wadda ta fi warware ma'anar kalmar ita ce Martha Nussbaum, masaniyar falsafa a Amurka, a wata maƙala ta 1995. Ta ce akwai hanyoyi bakwai da ake bi a mayar da mutum kaya. Daga ciki akwai ɗaukarsa a matsayin makamin biyan buƙata, da ɗaukarsa a matsayin abin mallaka da za a iya saye da sayarwa, da yin kamar ba shi da ta cewa a kan kansa, da yin kamar abin da yake ji a ransa bai da muhimmanci. Daga baya wata masaniyar falsafa, Rae Langton, ta ƙara uku a littafinta na 2009: taƙaita mutum ga jikinsa, taƙaita shi ga kamanninsa, da rufe masa baki.

A cikinsu akwai ɗaya da ta fi amfani idan kuna kallon talla, ita ce musanya. Kaya ana musanya shi da irinsa ba tare da an yi asarar komai ba. Buhun siminti ɗaya daidai yake da wani buhun. To ku ɗauki tallar mota inda aka jingina wata budurwa a jikin bonet. Ku cire ta, ku sa wata mai irin tsawonta da ƙirarta. Me ya canza? Babu. Ba ta tuƙa motar, ba ta san injinta ba, ba a ma gaya muku sunanta ba. Yanzu ku ɗauki hoton Tobi Amusan tana tsallake shinge a gasar duniya ta 2022, inda ta kafa tarihin daƙiƙa 12.12 a tseren mita 100. Kayan jikinta ba su da yawa, wataƙila ba su kai na waccan budurwar ba. Amma ba za ku iya cire ta ku sa wata ba, domin hoton na abin da take yi ne, kuma ita kaɗai ta yi shi. Kun ga kenan yawan yadin da ke jikin mace ba shi ne ma'aunin da waɗannan masanan ke amfani da shi ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wa kyamara ke yi wa kallo?

A 1968 ɗaruruwan mata suka yi zanga-zanga a ƙofar zauren gasar sarauniyar kyau ta Amurka a birnin Atlantic City. Sun zo da tunkiya mai rai suka ɗora mata kambun sarauta, sun kuma ɗaga hoton mace da aka zana wa layuka a jiki kamar yadda mahauci ke rarraba saniya. Daga wannan lokacin ne ƙorafin ya fita daga littattafai ya shiga labaran talabijin.

Masana suka bi bayansa da bayani. John Berger, a shirinsa na BBC na 1972 kan zane-zanen Turai, ya nuna cewa an daɗe ana zana mace don mai kallo namiji, har ta kai macen ta koyi kallon kanta da idon wancan mai kallon. A 1975 Laura Mulvey ta yi irin wannan nazarin a kan fina-finan Hollywood. Ta lura cewa namiji ne ke tura labari gaba, idan mace ta shigo kuma sai labarin ya ɗan tsaya, kyamara ta bi ta daga ƙafa zuwa sama a hankali. Mai kallo, ko mace ce ko namiji, ba shi da zaɓi sai ya kalle ta ta inda aka ajiye kyamarar.

Erving Goffman, masanin zamantakewa, ya tara hotunan talla sama da 500 a littafinsa *Gender Advertisements*, kuma abin da ya fi jan hankalinsa tsayuwa ce da motsin hannu. Namiji yana riƙe abu da ƙarfi don ya yi aiki da shi. Mace tana shafa shi da ƙarshen yatsu, ko tana shafa wuyanta. An fi kwantar da mace a ƙasa ko a gado, kanta a karkace, idonta ya tafi wani wuri kamar hankalinta ba ya wajen. Jean Kilbourne kuma, a fim ɗinta na ilimantarwa na 1979, *Killing Us Softly*, ta nuna tallace-tallacen da aka yanke kan macen gaba ɗaya, aka bar ƙirji ko ƙafafu.

Duk wannan fassara ce ta hotuna. Mai shakka zai iya cewa, to sai me? Hoto ne kawai. A nan ne masana halayyar ɗan'adam suka shigo.

Gwajin kayan ninƙaya

A 1997 Barbara Fredrickson da Tomi-Ann Roberts suka mayar da maganar Berger hasashen da za a iya gwadawa. Suka ce idan yarinya ta taso a inda kullum ana auna jikinta da ido, za ta koma tana sa wa kanta ido a kowane lokaci: ya nake a idon mutane, cikina ya fito, rigar ta zauna? Wannan sa idon aiki ne, kuma ƙwaƙwalwa ce ke yin sa. Abin da ta kashe a nan ba za ta samu ta kashe a wani wurin ba.

A 1998 suka gwada. Aka gayyato ɗaliban jami'a da sunan binciken kasuwa. Kowa zai shiga ɗaki shi kaɗai, mai dogon madubi, ya gwada tufa. Wasu aka ba su rigar sanyi, wasu kayan ninƙaya. Suna sanye da tufar aka ba su jarabawar lissafi. Babu mai kallonsu fa, su kaɗai ne a ɗakin. Matan da suka sa kayan ninƙaya sun fi bayyana jin kunyar jikinsu, kuma sun ci maki ƙasa da matan da suka sa rigar sanyi. A wajen maza tufar ba ta taɓa makinsu ba.

Gwajin ya yi suna, amma a san girmansa. Waɗanda suka yi jarabawar lissafin ba su kai ɗari ba. A 2004 wata tawaga ƙarƙashin Michelle Hebl ta maimaita shi, sai dai ta ba maza ɗan kamfai mai matse jiki maimakon gajeren wando mai faɗi, kuma sai makin maza ma ya sauka. Wannan sakamakon ya ƙarfafa hasashen ne ta wata fuska: matsalar ba daga halittar mace take ba. Duk wanda aka sa shi a yanayin da zai riƙa tunanin yadda jikinsa yake a ido, hankalinsa zai rabu biyu. Bambancin shi ne wa aka fi jefawa cikin wannan yanayin kullum.

Idan aka tattara bincike da yawa wuri guda kuma fa? Shelly Grabe da abokan aikinta sun haɗa bincike 77 a 2008, suka ga alaƙa tsakanin kallon hotunan siraran mata a kafafen yaɗa labarai da rashin gamsuwar mata da jikinsu, alaƙa ƙarama zuwa matsakaiciya. A 2013 Christopher Ferguson ya haɗa sama da 200, ya ce tasirin ƙanƙane ne ga yawancin mata, ya fi bayyana ga waɗanda da ma suna da damuwa da jikinsu. L. Monique Ward ta duba bincike 135 da aka yi tsakanin 1995 da 2015, ta samu cewa yawan kallon irin waɗannan hotunan yana tafiya tare da raina ƙwarewar mata da kuma sassauci ga cin zarafinsu, a wajen maza da mata duka. A ganina karatun da ya fi adalci shi ne tasirin gaskiya ne, hoto ɗaya ba ya yin wani abin a-zo-a-gani, kuma ba kowa yake kamawa daidai ba. Sai dai mutum ba hoto ɗaya yake gani a rayuwarsa ba, kuma gwajin minti goma a ɗakin bincike ba zai iya auna shekaru ashirin na kallo ba.

Shi ya sa ake yawan ambaton tsibirin Fiji. Talabijin ya isa lardin Nadroga a 1995, a al'ummar da take ganin cikar jiki a matsayin kyau. Likitar ƙwaƙwalwa Anne Becker ta yi wa 'yan matan sakandare tambayoyi makonni kaɗan bayan zuwansa, ta sake yi wa wasu a 1998. A karon farko babu ko ɗaya da ta ce tana sa kanta amai don rage ƙiba. Bayan shekaru uku, kusan kashi 11 cikin 100 sun ce suna yi. 'Yan mata sittin da 'yan kai ne a kowane rukuni, kuma abubuwa da yawa suna canzawa a Fiji a lokacin, don haka ba za a ɗora wa talabijin komai ba. Amma daga sifili zuwa 11 ba abin da za a kau da kai ba ne.

Wai shin yana ma sayar da kayan?

Hujjar 'yan kasuwa kullum ɗaya ce: mu ba ruwanmu da falsafa, abin da ke kawo ciniki muke yi. To an auna wannan ma. A 2015 Robert Lull da Brad Bushman suka haɗa gwaje-gwaje 53 da suka ƙunshi mutane kusan 8,500. Kayan da aka tallata da batsa ba su fi samun masu niyyar saye ba, kuma mutane sun fi yi musu kallon raini. John Wirtz da abokan aikinsa suka haɗa bincike 78 bayan shekaru biyu, suka ga mutane sun fi tuna tallar, amma ba su fi tuna sunan kamfanin ba, niyyar saye kuma ba ta motsa ba. Maza sun fi son irin tallar, mata sun fi ƙin ta. Wato mai kallo ya tuna budurwar, ya manta motar. Kamfani ya biya kuɗi ya tallata wadda ba ita yake sayarwa ba.

Inda su kansu suka rabu

Kuskure ne a ɗauka masu rajin 'yancin mata bakinsu ɗaya a nan. Rigimar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakaninsu da 'yan talla zafi.

Catharine MacKinnon, lauya, da marubuciya Andrea Dworkin suna ganin mayar da mace kaya shi ne ginshiƙin danniyar da ake yi wa mata, kuma masana'antar batsa ce makarantar da ake koyar da shi. Sun rubuta dokar da za ta ba mace damar kai masu yin fina-finan batsa kotu idan ta nuna sun cutar da ita. Majalisar birnin Minneapolis ta amince da ita a 1983, magajin gari ya ƙi sa hannu. Indianapolis ta kafa irinta a 1984, kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta a 1985 bisa hujjar 'yancin faɗar albarkacin baki. Cikin waɗanda suka shigar da takarda kotu suna adawa da dokar har da wasu matan masu rajin 'yancin mata, waɗanda ke tsoron cewa almakashin tace rubutu, idan ya shiga hannun hukuma, littattafan mata zai fara yankewa. Nussbaum kanta ta ce ba kowane kallon sha'awa ne cin mutunci ba. Tsakanin mutum biyu da ke girmama juna, inda kowa ke da ta cewa, abin daban ne.

Sai kuma batun zaɓi. A farkon 2018 masu gasar tseren motoci ta Formula 1 suka daina ɗaukar 'yan matan da ke tsayawa gaban motoci riƙe da alluna. Da yawa daga cikin 'yan matan suka fito suka ce mu muka zaɓi aikin nan, muna jin daɗinsa, kuma wasu matan da ba su taɓa tambayarmu ba sun raba mu da abincinmu. Wannan ƙorafi ne mai nauyi, kuma ban ga wanda ya ba shi amsar da ta gamsar da kowa ba. Amsar da ta fi ƙarfi ita ce ta Rosalind Gill, masaniyar zamantakewa a Ingila. Ta ce tun daga shekarun 1990 masu talla suka canza salo: maimakon mace a kwance tana kallon gefe, sai suka kawo wadda ke kallon kyamara ido cikin ido tana cewa don kaina nake yi. Gill ta tambaya, in dai kowace don kanta take yi, me ya sa duk suka zaɓi kama iri ɗaya, siririya, matashiya, mai santsin fata? Wani lokacin ma zaɓin babu shi sam. A 2021 an ci tarar tawagar matan Norway ta ƙwallon hannu ta bakin teku Yuro 1,500 saboda sun sa gajeren wando maimakon ɗan kamfan da doka ta tilasta musu, alhali maza da gajeren wando suke wasa. Sai da duniya ta yi ca kafin aka canza dokar.

Mata baƙaƙen fata irin su bell hooks da Patricia Hill Collins suka ce duk wannan muhawarar ta manta da launin fata. Suna yawan kawo labarin Sarah Baartman, 'yar ƙabilar Khoikhoi daga Afirka ta Kudu, wadda aka kai Landan a 1810 ana nuna ta ga masu biyan kuɗi su kalli ƙirar jikinta. Ta mutu a Paris a 1815, aka ci gaba da nuna ƙasusuwanta a gidan tarihi har shekarun 1970, ba a mayar da gawarta gida ba sai 2002. A wajenta kalmar "kaya" ba misali ba ce.

"Ai mu matanmu a rufe suke"

Na san wani mai karatu ya riga ya faɗi haka a ransa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wani bincike da Viren Swami ya jagoranta a 2014 kan Musulmi mata kusan 600 a Birtaniya ya samu cewa masu sa hijabi sun fi gamsuwa da jikinsu, kuma ba su cika ɗaukar ma'aunin kyau na mujallu da muhimmanci ba. Fatima Mernissi, masaniyar zamantakewa 'yar Maroko, ta ba da labarin yadda ta shiga wani babban kanti a New York neman siket aka ce mata babu mai ɗaukar ƙugunta, ta kammala da cewa ƙaramin awon tufa shi ne kullen matan Yamma. Nawal El Saadawi ta Masar kuwa ta tafi nesa da haka, tana ganin tsiraici da lulluɓi duka suna farawa ne daga ɗaukar mace a matsayin jiki. Mata Musulmi da yawa sun ƙi wannan ra'ayin nata, suna cewa su ibada suke yi, kuma ba ita za ta gaya musu abin da ke zuciyarsu ba.

Amma ku tuna ma'aunin Nussbaum bai ƙirga yadi ba. Kun san hoton nan da ke yawo a WhatsApp, alewa biyu, ɗaya a naɗe a leda, ɗaya a buɗe ƙudaje sun baibaye ta? Mai tura shi yana ganin yabon mace mai sutura yake yi. Amma a hoton, ta rufen da ta buɗen duka alewa ce, abin da ake saye a tsotsa. Haka karin maganar nan ta "fara ko mayya ce": an fifita launi a kan hali ƙarara, kuma masu sayar da man bilicin sun ji ta da kyau. Wata takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011 ta kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da mayukan ƙara hasken fata, kuma wasu daga cikin mayukan na ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Ku ƙara da masu tallar sha-ka-fashe da magungunan ƙara ƙugu a TikTok da Instagram, waɗanda galibi da mayafinsu suke tallar, saƙon kuma shi ne in ba ki gyara ba wata za ta ƙwace miki miji. Ga musanya nan ƙiri-ƙiri, an mayar da ita hanyar ciniki. A Landan ana sayar wa mace rama, a Kano ana sayar mata da ƙiba, kuma ta hanya ɗaya ake bi: a sa ta kalli jikinta da idon mai saye, ta ga aibi, sannan a miƙo mata kwalba.

Gwamnatocin Turai sun gwada doka. Faransa ta wajabta tun 2017 a rubuta a jikin hoton talla cewa an gyara shi da kwamfuta idan an canza ƙirar jikin mai tallar, Norway ta bi sahu a 2022, hukumar kula da talla ta Birtaniya kuma ta haramta tallace-tallacen da ke yaɗa ra'ayoyi masu cutarwa game da jinsi a 2019. Sai dai gwaje-gwajen da Marika Tiggemann da wasu suka yi a Ostareliya sun nuna cewa rubutun gargaɗin ba ya rage wa mata damuwar da hoton ke jawowa, wani lokacin ma yana sa su ƙara ƙura wa wurin da aka gyara ido.

Kuma dokokin an yi su ne don kamfanoni, alhali yanzu mai ɗaukar hoton da wadda aka ɗauka da mai gyara shi sau da yawa mutum ɗaya ce, da waya a hannunta. A Holan, Mariska Kleemans da abokan aikinta sun nuna wa 'yan mata 144 masu shekaru 14 zuwa 18 hotunan Instagram na wasu 'yan mata talakawa irinsu, rabi suka ga na asali, rabi suka ga waɗanda aka gyara. Waɗanda suka ga gyararrun sun fi jin rashin gamsuwa da jikinsu bayan kallon, musamman masu yawan gwada kansu da wasu. Sun gane an sa wa hotunan tacewar launi da ta fata. Amma inda aka matse ƙugu aka siranta ƙafafu, yawancinsu ba su lura ba, sun ɗauka haka jikin yake.